Tseren 'Yan Aji Biyu

Sajan Kuramochi ta 'yan sanda na tsakiyar cin abincin rana sai shugabar makarantar firamare ta bugo waya: wai ga wani mutum a bayan shinge tun safe, yana leƙen wasannin yara. Ko sunansa Kuramochi ba ta tambaya ba, ta san ko wane ne. Ta rufe kwanon shinkafarta ta ɗauki hula.

Ezaki ne, direban motar kaya. Wata biyar ke nan da kotu ta hana shi kusantar matarsa Chizuru da 'yarsu Nanoka. Matar ta ce shi ya tunkuɗo ta daga bene. Shi kuma ya rantse santsi ne ya kwashe ta, lauya ya kitsa mata zancen don ta samu riƙon yarinya. Kuramochi ta ji bakin kowa har ta haddace.

"Ezaki-san, kai ma ka sani," ta ce cikin girmamawa da ta isa bakin shingen.

"Tseren 'yan aji biyu kawai, Sajan. Minti goma. Ko hannu ban ɗaga mata ba."

"Takardar kotu ba ta san minti goma ba."

"Ke ma kin yarda na ture ta?"

"Ina na sani? Shekara ashirin da shida ina aikin nan, ba a taɓa kira na ba sai bayan an faɗo."

Aka busa usur. Kuramochi ta shiga laluben biro a aljihu, ba ta same shi ba sai da yara suka kai ƙarshen fili. Nanoka ce ta huɗu. A daidai lokacin Chizuru ta hango su daga cikin iyaye, ta sandare, gorar shayi ta suɓuce mata.

Kuramochi ta sa Ezaki a mota. Ta rubuta rahoto yadda abin ya faru, har da jinkirin da ta yi, ta sha faɗan shugabanta a tsaye. Bayan wata biyu alƙali ya ba Chizuru riƙon yarinyar, rahoton na cikin hujjojinsa.

Chizuru ta zo ofis da kwalin alewar wake, tana ta godiya. Kuramochi ta rusuna, ta ce doka ta hana su karɓa. Ezaki kuwa sau ɗaya ta ƙara ganinsa, a bakin danja, ya kau da kai.

A makon Kuramochi ta nemi a ɗauke ta daga rikicin iyali, a mayar da ita sashen kula da motoci. Aka ce ta yi haƙuri zuwa baɗi, babu wanda ke son kujerarta.