Butar Ruwan Batir

Sha'aban ba makanike ba ne. Abin da ya iya shi ne goge wilin mota na alminiyam, irin wanda idan ya daɗe yana shan taɓo sai ya yi fari-fari kamar an barbaɗa masa kanwa. A gindin darbejiyar ƙofar gidansu yake aikin, gefen hanyar Rimin Gado, in ya taso daga gona.

Ranar, Alhaji Kallamu mai ɗauko tumatir daga Watari ne ya bar masa wili biyu, ya ce so yake ya ga fuskarsa a ciki. Sha'aban ya wanke su da sabulu, ya bi su da samfefa mai kaushi, sannan mai laushi yana yayyafa ruwa. Amma lungunan da yatsa ba ya shiga, farin nan ya kafe, sai an ɗiga masa ruwan batir da aka sirka ya cinye shi. To, robar da yake ajiye ruwan ta tsage. Ya duba nan ya duba can, sai ya ɗauko wata shuɗiyar buta a zaure ya juye a ciki, don bakinta ya fi kai wa lungu. Ya ce a ransa zai ɗaura mata jan ƙyalle.

Bai ɗaura ba. Akuyarsu ce ta tsinke ta faɗa geron Hashimu maƙwabcinsu, ya tashi ya bi ta. Kafin ya kamo ta ya ɗaure an kira azahar.

Da ya dawo, wili na nan, samfefa na nan, babu buta.

Ya leƙa gida ya tambayi matarsa Ramlat. Tana tankaɗe ta ce ai Baba ne ya ɗauka ya tafi masallaci, har ya ji ta cike ya sa wa wanda ya cika ta albarka.

Sha'aban ya juya da sauri ya fice. Mahaifinsa, Malam Muhammadu Sani, yanar ido ta rufe masa ido ɗaya, ɗayan ma dishi-dishi yake gani, kuma duk butocin gidan kalarsu ɗaya.

Masallacin yana bayan gonaki. Ya yanki hanyar cikin gero a guje, ganye na yankar masa fuska, babu abin da yake gani sai yadda Baba yake alwala: hannu, sai baki, sai hanci, sai fuska har cikin ido. Ya san tafin Baba duk kanta ce ta fartanya, ko garwashi yakan ɗauka da shi ya sa a kasko. Hannun nan ba zai gaya masa komai ba. Abin da yake roƙo kawai shi ne Allah ya haɗa tsohon da mai doguwar gaisuwa a hanya.

Ya ɓullo ta bayan rijiya. Ga mutane a jere a kan dakali, ga Baba a ƙarshe a tsugune, ya riga ya naɗe hannun riga, ya cika tafin dama yana ɗagawa. Sha'aban ya buɗe baki, murya ta ƙi fita. Tunda yake bai taɓa ɗaga ta a gaban mahaifinsa ba.

Sai ya kai wa hannun duka.

Ruwan ya watse, buta ta kife, hular Baba ta faɗi. Hashimu ya taso ya cakumi wuyan rigarsa yana tambayarsa ko hauka yake, uban nasa? Sha'aban sai nuna simintin dakalin yake, inda ruwan ya kwanta yana ɗan kumfa yana tsuwa. Da ƙyar ya ce ruwan batir ne. Hashimu ya sake shi.

Ya durƙusa ya kama haɓar mahaifinsa yana duba leɓensa.

"Baba, ka kai bakinka?"

"Ban kai ba. Na dai ji yana cizo tsakanin yatsu, na ce ko ƙaiƙayi ne."

Aka yi ta jawo guga. Sha'aban ya riƙe hannayen biyu yana kwarara musu ruwa, guga na ƙarewa ya miƙa hannu a ba shi wani. Tsakanin yatsun ya yi ja, bayan hannun hagu ya ɗan tashi. Liman ya ce a kai shi asibitin Rimin Gado a duba, Baba ya ce sai ya yi sallah.

Aka ta da iƙama, mutane suka shige, aka bar su su biyu a bakin rijiya. Sha'aban ya sake kallon leɓen, ya sake tambaya ko ya tabbata bai taɓa ba.

"Na ce maka ban kai ba," in ji tsohon. "Daina rawar nan, kana jiƙa mini wando. Zuba a hankali in kurkure bakina."

Sha'aban ya tara nasa tafin, ya ɗanɗana ruwan gugan tukuna, sannan ya zuba masa.