Shingen Bakin Gada

Labo yana tsugune, ya kara kunnensa a haƙarƙarin wata saniya, lokacin da gardi, mai tsaron majalisa, ya zo ya ce ana nemansa a buro, wato ofishin gari. Bai tashi nan take ba. Numfashin saniyar da ƙyar yake fita, da wani sauti kamar ana murza busasshiyar fata.

Shi ne likitan dabbobi na Gaya. Tun da ciwon huhu ya ɓulla a ƙetaren kogi ya sa aka kafa shinge a bakin gada. Duk garken da ya dawo daga kiwo a Dahome sai ya tsaya ciki, a yi masa allurar rigakafi, a jira a ga ko ciwon zai fito. Tsohuwar majalisar gari ta yarda da haka. Amma an yi zaɓe, ta faɗi. 'Yan kasuwa da masu kamiyo, manyan motocin kaya, ne suka ci, kuma alkawarin da suka yi wa jama'a shi ne ranar da suka hau za a buɗe gada.

Ya wanke hannu ya tafi. Ya tarar da sababbin 'yan majalisa sun cika ɗakin. Alhaji Yacuba, mai kamiyoyi wanda ya zama shugabansu, yana zaune a tsakiya.

"Likita, zauna," in ji shi. "Nasara ya tafi. A zamaninsa mun saba a tsare mu a bakin gada. Yanzu ƙasa tamu ce, kuma mutane sun faɗi abin da suke so."

"Alhaji, ba Nasara ya kafa shingen nan ba, ni na kafa shi. Saniya tana iya ɗauke da ciwon nan tana cin ciyawa lafiya lau, ta shafa wa garke guda kafin ta fara tari. Jiya na feɗe wadda ta mutu. Huhunta ya manne da haƙarƙari, ya daskare. Ku zo ku gani da idonku, ba nisa."

Ba wanda ya motsa. Alfari, dillalin shanu, ya gyara zama.

"Mu ma muna da ido, Likita. Ciyawa ta ƙare a shingenka. Shanun da suka shiga da ƙiba sun zama ƙashi da fata. Makiyaya suna kuka, kasuwa ta mutu. Yunwa da ciwo, wanne ya fi kashe su yanzu?"

Labo ya san akwai gaskiya a maganar. Shi ma yana ganin maruƙa suna lasar ƙasa.

"Yunwa tana kashewa," ya ce. "Amma ita ana maganinta da kamiyo biyu na ciyawar burgu daga bakin kogi. Ku ba ni su, ku ƙara mini ɗan lokaci. In ciwon nan ya wuce gada, zai bi hanyar shanu har Zabori, kuma allurar da ke hannuna ba za ta isa ko kusa ba."

"Ka nemi ƙari daga gwamnati a Yamai."

"Na nema. Sun ce sai bayan damina."

Wani daga baya ya ce ai tsohuwar majalisa ce ta ɗaure masa gindi, shi ya sa yake kare aikinta. Labo ya juya ya ce bai taɓa riƙe katin wata jam'iyya ba, amma hayaniya ta rufe muryarsa. Aka ce a ɗaga hannu. Hannaye suka tashi, har na waɗanda ya sha kwana a garkensu yana karɓar haihuwa. Aka umarci gardi ya cire itacen shinge bayan azahar.

Mutane suka watse. Labo yana saka takalminsa a bakin ƙofa, Alhaji Yacuba ya kira shi gefe, ya rage murya.

"Ina da shanu a Tanda, wajen ƙanena. Hanyar garken nan ta bi ta wurin. Ka ɗauki akwatin allurarka, direbana ya kai ka yanzu, ka yi musu allura."

Labo ya dube shi. "To kun yarda akwai ciwon ke nan, Alhaji."

"Ban taɓa cewa babu ba. Na ce na yi alkawari a gaban jama'a."

"Allurar ba ta kama jiki rana ɗaya."

"Yi abin da ya samu."

Ya so ya ƙi. Sai ya tuna in ya ƙi, akwatin zai zauna a buro, ba saniyar da za ta amfana. Ya koma ya ɗauko shi.

Kamiyon ya bi ta bakin gada daidai lokacin da ake zare itacen. Shanu suka ɓarko suna ture juna, masu tari da marasa tari a haɗe, makiyaya suna biye da su suna ɗaga sanda da murna. Ɗaya daga cikinsu ya gane Labo, ya ɗaga masa hannu ba tare da wata gaba ba. Labo ma ya ɗaga masa.

A Tanda ƙanen Alhaji ya riga ya tara shanun a ƙarƙashin wata tsamiya. Labo ya tafasa allura, ya fara aiki. Kafin ya yi nisa labari ya zagaya ƙauyen. Mutane suka soma zuwa, kowa da saniyarsa a igiya, suka tsaya nesa kaɗan suna kallo. Wata dattijuwa mai suna Hajo ta matso da karsana guda.

"Ɗana, na Alhaji ne kawai, ko har da namu?"

Labo ya leƙa cikin akwatin. Abin da ya rage ba zai gama ko garken Alhajin ba. Ƙanen ya buɗe baki zai yi magana, Labo ya riga shi.

"Kawo ta nan, Inna. Riƙe mata kai."

Ya cusa allurar, ya shafa wuyan karsanar, ya ce na baya ya matso. Daga kudu ana jin kukan shanu yana ƙaruwa. Garken farko ya riga ya sauka daga hanya, ya nufi tabkin da dabbobin ƙauyen suke sha.