Ranar Da Turke Ya Juya

Uwaisu mahauci ne a kwatar Agege, amma ba da fawa aka san shi ba. Ɗan dambe ne, sunansa na fage Turke, don in ya buɗe ƙafa ya kafe a tsakiyar fili, sai dai ka gaji da zagaya shi ka kawo kanka inda hannunsa yake. Tun da ya fara ɗaura zaren dambe ba wanda ya taɓa kai shi ƙasa. Jama'a na cewa asiri ne. Ba wani asiri, kwatangwalonsa ne ya sandare tun yana saurayi saboda saɓa cinyar saniya a kafaɗa ɗaya, ko ya so juyawa ba ya iyawa.

Bana abin ya wuce sandarewa ya koma ciwo. Hawa danfo, motar haya, ma sai ya kama ƙafar da hannu ya ɗora. Ga shi kuwa ya riga ya yi magana a gaban mutane: a damben Babbar Sallah zai kara da Salissou, wani matashi ɗan Maraɗi da ke gadi a kasuwar Alaba Rago, daga nan ya ajiye zare. Burinsa ɗaya ne, ya bar fage ba a taɓa kashe shi ba.

Ya sha sassaƙe, wanzami ya yi masa ƙaho har bayansa ya cika da tabo, ciwo na nan daram. Sai ƙanwarsa Rukayya, wadda ke koyar da motsa jiki a Ikeja, ta zo masa da tabarmar roba da ƙwallon tanis.

"Yaya, ba ƙashi ba ne," ta ce. "Ka san farin tantanin nan da ke manne da tsoka in kun feɗe saniya? Kai ma kana da shi. Naka ne ya ƙanƙame. Yoga za mu yi mu sassauta shi."

"In tantani ne ai da wuƙa ake raba shi."

"Abeg, Yaya, kwanta."

Ya kwanta. Ta cusa masa ƙwallon a ƙarƙashin ɗuwawu ta ce ya saki nauyinsa a kai. Mutumin da ya sha naushin ƙarti bai ko ƙifta ido ba, sai ga shi yana kiran sunan Allah saboda ƙwallon wasa.

"Oya, numfasa."

"Ina numfashi tun kafin a haife ki."

Daga nan ta sa ya naɗe ƙafa ɗaya a gaba, ya miƙe ɗaya baya, ya kifa goshi a tabarma. Ta ce wannan shi ne zaman tantabara. Uwaisu ya daɗe yana ganin tantabaru a bakin titin jirgin ƙasa, bai taɓa ganin wadda ta yi irin wannan zama ba. Maƙwabcinsa ya leƙo ta katanga, ya tambaya cikin ladabi ko alƙibla ce ta sauya.

Kansa ya ɗaure tamau. Ciwo a kwatangwalo, ita kuma tana murza masa tafin ƙafa. Yana neman ƙarfi, ita kuma tana cewa ya saki jiki ya kwanta shiru. In ya tambaya sai ta ce ai duk a haɗe suke, kamar dai shi bai taɓa ganin cikin dabba ba. Ya ci gaba da yi kullum bayan ya dawo daga kwata, ba don ya gane ba, don kawai ya rasa wata dabara.

Abin haushi, sai ga shi yana aiki. Wata safiya ya tsinci kansa zaune cikin danfo bai san lokacin da ya hau ba. Ya ji daɗi, ya kuma ji wani tsoro da bai san dalilinsa ba.

"Ka ɗan gwada hannu da wani kafin ranar," Rukayya ta ce. "Jikin nan sabo ne, ba ka san shi ba tukuna."

Ya yi dariya. Turke bai taɓa gwaji ba. In aka ji yana gwaji saboda ɗan Maraɗi, ai an kashe shi tun kafin a shiga fage.

Ranar damben, bayan la'asar, fili ya cika har kan katanga. Kalangu na kiran Turke. Ya shiga ya buɗe ƙafa yadda ya saba, sai ƙafafun suka ci gaba da buɗewa, ya ji ya yi ƙasa fiye da inda ya sani. Salissou ya zaga hagu. Jikin Uwaisu ya bi shi sumul, ba da izininsa ba. 'Yan kallo suka fara duban juna.

Ya rasa inda zai tsaya. Da can kwatangwalon ne ke gaya masa nan ne iyaka, yau kuwa ya yi shiru. Salissou ma ya rikice, don an koya masa yadda ake zagaya Turke, ba a koya masa abin da zai yi in Turke ya biyo shi ba. Cikin rikicewar ya sauke hannun kariya, fuskarsa ta fito fili.

Uwaisu ya saki naushin da ya kwantar da maza. Hannun ya wuce ta gefen kunnen Salissou, kafaɗa ta bi hannu, ƙugu ya bi kafaɗa, babu abin da ya riƙe shi. Ya juya gaba ɗaya, gwiwarsa ta sauka a yashi.

Kalangu ya tsaya. Alƙalin wasa ya dubi Salissou, ya dubi gwiwar, usur a bakinsa ya kasa busawa. Amma gwiwa a ƙasa kisa ne, ko wa ya kai ta. Ya busa.

Salissou ya durƙusa kusa da shi. "Baba, wallahi ban taɓa ka ba."

"Na sani."

Rukayya ta kutso cikin mutane. "Yaya, wurin ne ya riƙe? Ina ke maka ciwo?"

Uwaisu ya saurari jikinsa. Ya nemi ciwon da gaske, yana fatan ya same shi, ko ya sami abin da zai faɗa wa mutanen kwata gobe. Babu. Ya miƙe tsaye cak, ba dafa ƙasa, ba riƙe hannun kowa, kamar ɗan shekara ashirin, duk fili na kallo.

"Ko'ina lafiya lau," ya ce. Ya miƙa mata hannun. "Kwance mini zaren."