Kusurwar Korbinian

Teburinmu a gidan giyar Rottmeier yana can ƙurya, kuma duk ranar Lahadi bayan an taso daga coci mu ne a kansa. Dogon benci ne ya bi bango ya kewaye shi. Wurin da ya fi daraja shi ne kusurwa, jikin murhun ɗumama ɗaki. Murhun ya tare gefe ɗaya, saboda haka mai zama a can ba shi da hanyar fita sai duk na kan bencin sun miƙe masa. Tun zamanin da aka fara dafa giya a gidan, wanda ya girmi kowa ne ke zama a wurin. Da muka binne tsoho Wastl, sai gadon ya faɗo kan Korbinian Haslbeck, wanda ya yi rayuwarsa yana raba wasiƙu gida-gida.

Al'adar ranar hawa kusurwa ba ta da wuya. Kowane ɗan tebur zai saya wa sabon dattijo kofin giya guda, ya yi masa jawabi, shi kuma ba ya tashi sai na ƙarshe ya rufe baki.

Ni kaɗai na san cewa Korbinian yana da wani alkawari a ranar hawansa. Madam Irmtraud Loibl, mai shagon furanni wadda mijinta ya rasu, za ta kai shi birnin Passau cin abincin rana gidan yayarta, don a gan shi a san shi. Motar hayar da za su shiga tana tashi da ƙararrawar sha biyu. A baya ta gayyace shi, tebur ya hana. Ta sake gayyata, tebur ya sake hanawa. A wannan karon ta gaya masa cikin natsuwa cewa ta riga ta binne miji ɗaya da ya zama mallakar tebur, kuma ba ta da niyyar ɗaukar na biyu. In ya zo tasha, to. In bai zo ba, shi ke nan.

Shirinsa shi ne ya sha kofi ɗaya ya nemi uzuri. Amma a teburinmu ba a kawo zancen mata, sai dai na waɗanda suka mutu, don haka bai gaya wa kowa dalili ba.

Resi, wadda ta tsufa tana kawo mana giya, ta dire kwanon ruwan zafi cike da farin sosej, wato niƙaƙƙen nama da aka ɗura a hanji, da mastad mai zaƙi na dangwalawa da burodin gishiri. Ta tuna mana cewa a al'ada bai kamata farin sosej ya ji ƙararrawar sha biyu ba, ko mu cinye kafin lokacin ko ta kwashe kayanta. Korbinian ya dubi kwanon kamar shi ne aka dafa.

Vitus mahauci ne ya fara jawabi. Ya yi gajere, domin Vitus bai taɓa sanin kalmomi da yawa ba. Sai Emmeran ya karɓa, tsohon malamin makaranta, wanda ya ga ya dace ya faro daga gobarar da ta ci rufin gidan a zamanin kakanninmu. Korbinian ya ɓare fatar sosej ɗinsa, ya yanka shi ƙanana, bai kai ko ɗaya baki ba. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Da ya ce yana son zagawa bayi, Vitus ya amsa cewa Wastl ya shekara da shekaru a kusurwar nan bai taɓa tashi a tsakiyar jawabi ba, kuma da mararsa lafiya lau aka binne shi.

Jawabina ne na ƙarshe. Na yi niyyar in gama shi da jimla ɗaya, na kuma gaya wa Korbinian haka da ido. Sai dai a tarihinsa Emmeran bai kai ko yaƙin duniya na farko ba.

Can sai Korbinian ya ajiye wuƙarsa ya ce, "Jama'a, ku ba ni hanya. Mace ce ke jirana a tasha."

Vitus ya juyo da dukan jikinsa ya dube shi.

"Mace? Kai, tsoho? Ta san shekarunka kuwa, ko tabaraunta ne ya ɓace?"

"Irmtraud ce," in ji Korbinian. "Don Allah, Vitus, tashi."

Dole in yi musu adalci: ba wanda ya ƙi. Emmeran ya nuna rashin jin daɗinsa cewa an katse shi a daidai inda tarihin ya fara daɗi, amma ya naɗe tabarau ya soma matsawa. Ni da nake bakin benci na miƙe nan take. Matsalar ita ce ƙugun Vitus, wanda likita ya sauya masa da na ƙarfe a bara. Vitus ba ya tashi kamar sauran mutane. Sai an nemo sandarsa, an ja tebur gaba, an kama shi ta hammata. Sandar ta faɗa ƙarƙashin benci. Teburin kuwa na itacen da ne, an kafe ƙafafunsa a ƙasa. Resi ta zo ta kama hannu ɗaya tana ce masa buhun dankali, ni na kama ɗayan.

Korbinian na tsakiyar benci, cikinsa a matse tsakanin tebur da bango, lokacin da ƙararrawar coci ta soma bugawa. Bai tsaya ba. Ya fita ba hula, yana gudu irin na mutumin da ya manta yadda ake yi.

Muka koma muka zauna. Resi ta kwashe kwanon.

Ba a jima ba ƙofa ta buɗe. Korbinian ya shigo yana haki, mota ta tafi ta bar shi, ya tsaya a gaban tebur. Vitus ya dube shi, ya buɗe baki zai yi tsokana, sai ya fasa. Ya nemi in miƙo masa sandarsa. Muka sake tashi ɗaya bayan ɗaya, Korbinian ya bi bango ya shige kusurwa, mu kuma muka zauna muka rufe hanya.

Emmeran ya gyara murya, ya tambaya ko zai iya ci gaba daga inda ya tsaya.

"Ci gaba, malam," in ji Korbinian. "Ba inda za ni."