Hannun da Ke Kafaɗata

"Kawu, ko guda ɗaya ne," in ji Auta, tana tsaye a ƙofar gidana da waya a hannu. "Ko ya tsufa, ko ya koɗe. Fuskarsa kawai nake so."

Auta 'yar maƙwabcina ce, Mai Firam, wanda katanga ɗaya ta raba mu. Ta zo daga inda take aure da ta ji jikin uban ya yi tsanani. Da safen nan ta ɗaga waya za ta ɗauke shi don 'ya'yanta, sai ya juya fuska bango. Ciwo ya cinye shi, kumatu sun zurma, ya ce kada jikokinsa su san shi a haka. Ta birkice ɗakinsa kaf, babu hotonsa ko ɗaya. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana yi wa hotunan mutane sutura.

Ni dillali ne, bakina ne jarina. Na ce, "Wannan ne abin kuka? Na nemo wa mutane gida, na nemo musu mota, hoto ne zai gagare ni? Koma wajen babanki, yanzu zan kawo miki."

Na fara da gidan Tela. Ya sosa ƙeya, ya kai ni ɗakin ajiya. Firam ɗin da Mai Firam ya yi masa yana ƙarƙashin wani mataccen keken ɗinki, gilashin ya tsage. A gidan Direba na tarar an cire hoton, an bar katakon da kwalin baya, ana zuba wa 'yan tsaki tsaba a ciki. Mai Shago kuwa ya sauya nasa duka da na roba masu ƙyalli. Kowa sai ya ce, "Hotonsa? Kai, ai shi kullum yana gefe."

Na wanke su tas. "Ba ku da kunya! Mutum ya ƙawata muku bango tun kuna samari, a rasa mai fuskarsa a cikinku?" Muryata har ƙarshen layi.

Da rana ta take na shiga wajen Mai Firam hannu rabbana. Ɗakin kwanansa shi ne wurin aikinsa. Gado a gefe, benci a jikin taga, zarto da ƙaramar guduma a rataye. Gwangwanaye jere, wannan maɓallai, wannan fasassun awarwaro, wancan guntayen madubi da yake liƙawa a kusurwa. Warin gam bai bar ɗakin ba, sai dai warin magani ya hau kansa. A kan bencin akwai wani ɗan ƙaramin firam, aikinsa na ƙarshe, ya zagaye shi da maɓallan rigunan marigayiya matarsa. Cikinsa wayam.

Ya buɗe ido. "Dillali, an ce ka fita farautar fuskata. Ka samo, ko kasuwa ta watse?"

"Mutanen layin nan ba su da kirki," na ce. "Na gaya musu gaskiya."

"Na ji ka. Har nan na ji ka." Ya yi wata 'yar dariya da ta koma tari. Auta ta ba shi ruwa. Da numfashinsa ya daidaita ya ce, "Kai da kake min dariya wai ina tsoron almakashi, ka taɓa ganin na yanke hoto?"

Gaskiya ne. Kowa ya san halinsa. In hoto ya fi firam faɗi, ba ya yankewa, lanƙwasa rarar yake yi ta baya. Yakan ce ba shi zai datse wa mutum kunne ba.

"To je ka gaida bangonka," in ji shi, ya lumshe ido.

Hoto ɗaya ne a falona, na ranar da na buɗe ɗan ofishina. Ni a tsakiya, na sha babbar riga, abokan harka sun kewaye ni ta dama. Ni na kai masa hoton a lokacin, na ga wani firam a bencinsa mai guntayen madubi, na ce shi nake so. Ya gwada, ya ce ya ɗan matse, amma zai san yadda zai yi. Tun daga nan yake rataye, duk baƙon da ya zo sai na nuna masa kaina.

Na tsaya a gabansa kamar ban taɓa ganinsa ba. A kafaɗata ta hagu akwai hannu. Hannu kawai, babu mai shi. Babban yatsan ɗaure da tsumma.

"Uwargida," na kira matata, "hannun wa ye wannan?"

Ta leƙo daga kicin. "Na Mai Firam mana. Kullum ina goge shi. Na ɗauka ka sani."

Na sauke hoton, na kifa shi a kan tebur, na sa bakin wuƙa ina ɗaga 'yan ƙusoshin baya. Da na cire kwalin, ga rarar a kwance, a lanƙwashe tsaf. Na miƙe ta a hankali. Ga shi nan, da ƙuruciyarsa, fensir a bayan kunne, yana dariya baki har kunne. Hasken rana ya koɗar da mu duka, shi kaɗai ne launinsa bai taɓu ba.

Da zan koma, Tela yana bakin shagonsa. "Dillali, an dace? A gidan wane marar kunyar aka samo?" Na rungume hoton a ƙirji, na wuce kaina a ƙasa.

Auta ta karɓa, ta toshe baki da gefen mayafi. Sannan ta kai wa uban dab da fuskarsa. Ya daɗe yana kallo.

"Ashe na taɓa yin haƙora," in ji shi.

Na durƙusa a gefen gadon. Da ƙyar na ce, "Me ya sa ba ka faɗa min ba?"

"Ranarka ce, Dillali. Kuma firam ɗin ya yi maka kyau."

Washegari da hantsi ya cika. Allah ya jiƙansa.

Bayan mutane sun watse, Auta ta ɗauko ƙaramin firam ɗin nan mai maɓallai, ta ɗora hoton a kai. Ya fi shi faɗi nesa ba kusa ba. Ta miƙa hannu wajen almakashin da ke benci, sai ta tsaya, ta dube ni.

"Kawo nan, 'yata," na ce.

Na bi tsohon layin lanƙwasar da farce, na mayar da shi ɗaya ɓangaren. Ni da babbar rigata da abokan harkata muka koma baya, muka kwanta a jikin kwali. Ban iya buga ƙusa kamar shi ba, guda biyu sun karkace.

Ta jingina shi a taga, kusa da gwangwanin maɓallai. Yana ta dariyarsa da fensir a kunne, hannunsa ya miƙe ya shige ƙarƙashin katako, inda kafaɗata take.