Littafin Madam a Saman Kabad

Zeinabu, 'yar Maraɗi mai aikatau a unguwar Mohandessin, ba ta iya ganin rubutu a ƙasa ta wuce. Uwar ɗakinta, Madam Kamala, Ba'indiya ce mai koyar da yoga a falonta. Kafin mata su fara miƙe jiki, takan karanta musu baiti ɗaya daga wani littafin waƙoƙin bege na mabiya addinin Hindu na zamanin dā, don numfashinsu ya natsu. Sannan ta bar littafin buɗe kan tabarma.

Kullum sai Zeinabu ta ɗauke, ta rufe, ta ɗora saman kabad.

Ran nan Madam ta nemi shafinta ta rasa, ta harzuƙa. "Wa ya aike ki? Addininki ne?"

Zeinabu ba ta sunkuyar da kai ba. "Ba nawa ba ne, Madam. Amma kin ce sunan abin bautarki na ciki. A gidanmu ba a barin irin wannan inda ƙafa ke takawa."

Madam ta nufi kabad ɗin. Ta sauko da littafin, ta kai shi goshinta.

"Faɗan da uwata ke mini ke nan," ta ce a hankali. "Shekara ashirin da rasuwarta, ba wanda ya sake yi mini shi."