Kwal ɗin Bayan Katanga

Allurar mita ta tsaya cak a kan casa'in da huɗu cikin ɗari, ta ƙi saukowa. Dakta ta cire tabarau ta goge, ta sake dubawa, sai ta dafa tebur ta hau dariya har da ƙwalla.

Kawunta yana bakin tanderu, riƙe da shebur. Takardun da ke manne a bango ba ya gane komai a cikinsu, amma ya san abin da ake nema. Shekara biyu ke nan 'yar ƙanwar tasa tana ƙona kwal a ɗakin gwaji na jami'a, tana tura hayaƙin cikin wani ruwan magani mai kama iskar nan da ke ɗumama duniya. Jibi injiniyoyin tashar lantarki za su zo. Sun ce in ruwan ya kama tamanin cikin ɗari, za su ɗora na'urarta a kan bututun hayaƙinsu. Shi kuwa a tashar ya yi shekara ashirin da shida yana ciyar da wuta, kafin ta ɗauko shi watanni huɗu da suka wuce.

Murna ta ciyo shi, bakinsa ya kasa zama.

"Ai dole ta tsaya can. Ɗaya bayan ɗaya nake tsince miki kwal ɗin. Mai duwatsu da mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, duk bayan katanga nake watsa su."

Dariyar ta ɗauke.

"Tun yaushe, Kawu?"

"Tun ranar da na zo. Ni zan ba 'yar ƙanwata shara?"

Ta zauna a hankali. Ta ce masa tasha ba ta tsintar kwal, yadda tifa ta juye haka ake ƙonawa, kuma mai warin nan shi ne ke kashe ruwan maganin. Casa'in da huɗun ba nata ba ne, na hannunsa ne.

Kawu bai ba da haƙuri ba, don bai saba ba. Ya jingine shebur ya ja baro. Ya dawo da shi maƙil da mafi munin abin da ya taɓa zubarwa, ya danna wa tanderu.

Wuta ta yi tari. Allura ta fara gangarowa: casa'in, tamanin da biyar, tamanin, saba'in da takwas. Dakta ta riƙe biro kamar za ta karya shi. Kawu bai ko kalli mita ba. Ya kasa kunne ga gurnanin wutar, ya ɗan buɗe ƙofar iska da gefen shebur, ya ƙara kaɗan, kamar yadda ya yi sau dubu a tasha.

Allura ta yi rawa, ta juyo, ta hau tamanin da uku ta zauna.

"Me ka taɓa? Nuna min, Kawu, nuna min in rubuta."

"Numfashi take so. Ku 'yan boko sai an rubuta muku wuta na numfashi."

Ta tura shi ya ƙaro baro biyu, tana rubutu tana murmushi. A cikin na ƙarshe ya hango wani dunƙulen kwal mai kyau, baƙi ƙirin, mai sheƙi, wanda ya ɓace cikin sharar. Ya ciro shi, ya juya shi a tafin hannu, ya nufi aljihu da shi.

Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Shi ma mayar, Kawu."